Tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda

Mu 'yan Tawa da yawanmu ba mu taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba, sai a bakin tsofaffi. Shi ya sa da sha'anin biki ya kai ni Ƙauran Namoda, na ce sai na ga tashar nan da Kaka ke yawan ambato.

'Yar ƙarama ce, jama'a! Ciyawa ta rufe dogo, awaki na kiwo a kai. Amma nan ne ƙarshen layin da Turawan Ingila suka shimfiɗo daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya iso a 1929. Ba don talaka ya yi zumunci suka yi shi ba, gyaɗa da auduga da fatu suke so su kwasa zuwa Legas. Duk da haka fatake sun ci moriyarsa, a sauke kaya a tasha, raƙuma da jakuna su yo arewa da su.

Mu kuwa, an buɗe tashar Yamai a 2014, dogo ya kai Doso a 2016, kusan kilomita 140. Wa ya taɓa sayen tikiti ya hau? In akwai shi a cikinku, don Allah ya ba mu labari.