Kafin ka sayi kan jirgi, juya layin dogonka ka duba

Kawuna da ya yi karatu a Ingila ne ya bar mini akwatin. A ciki akwai layin dogo na wasa, tarago biyar na kwano, da na'urar ba da wuta. Kan jirgin ne kawai ya ɓata tun muna yara. Kirar Hornby Dublo ne, wanda kamfanin Meccano na Libaful ya fara fitarwa a 1938. Na ce bari in nemo masa kai irin na jirgin tururi, mai sauƙin kuɗi. Ƙannena, sai da na yi asara sau uku.

Na farko, na ga an rubuta OO a talla, na san nawa ma OO ne, na biya. Ya iso, na ɗora, na murɗa wuta, ko gezau. Ashe OO girma kawai yake nufi: kashi ɗaya cikin 76 na jirgin gaske, da tazarar milimita 16.5 tsakanin ƙarafan layi. Bai ce komai game da yadda wuta ke shiga ba. Layin kawu ƙarfe uku ne, na tsakiya ke kawo wuta, kuma kan jirginsa yana da wasu 'yan ƙarafa a ƙarƙashi masu gogar na tsakiyar. Wanda na sayo kuwa na ƙarfe biyu ne, tsarin da kamfanin bai shiga ba sai 1959. Da na juya guntun layi ɗaya na ƙirga, da kuɗina na aljihu. Ku kula da jiragen wasa kirar Märklin ta Jamus ma: ita ma daga tsakiya take shan wuta, amma irin wutarta daban. Haka maƙalar tarago, ta wata kirar Ingila mai suna Tri-ang ba ta kama ta Dublo.

Na biyu kwaɗayi ne. Na ga wani tsoho na kafin yaƙin duniya na biyu, araha kamar an tsinto, hoto ɗaya tak daga gefe. Da ya zo, sai ga ƙarfen jikinsa ya kumbura ya tsattsage kamar bakin tafki da rani. Na taɓa ƙafa ɗaya da farce, ta ɓare. Wannan ciwo ne na ƙarfen tutiya da ba a tace da kyau ba, kuma ba shi da magani. Mai sayarwa ya sani sarai, shi ya sa bai nuna ƙarƙashi ba. Yanzu duk wanda ya ƙi turo mini hoton cikin jirgi da bidiyonsa yana tafiya gaba da baya, mu rabu lafiya.

Na uku kuwa ba laifin kowa ba ne, hannuna ne. Na samu mai kyau, na kwance shi zan wanke, na zare maganaɗisun injin na ajiye a faranti. Wa ya gaya mini ƙarfinsa na tafiya da zarar an cire shi? Jirgi ya koma jan ciki yana zafi, sai da na biya mai gyara ya mayar masa da ƙarfi.

Wanda nake da shi yanzu ba ya burge kowa. Baƙi ne gajere, samfurin N2, wanda ake rubuta ƙafafunsa 0-6-2: babu ƙanana a gaba, manya shida, ƙanana biyu a baya. An ƙera irinsa da yawa, don haka kuɗinsa bai kai na dogaye masu suna ba, kayan gyaransa ma ba sa wuya. Fentinsa ya goge a kusurwa, kwalinsa ya ɓata, duk wannan ya ƙara karya farashin. Masu tara kaya don ado ke biyan kuɗin kwali.

Ɗigon mai ɗaya da tsinin allura ya ishe shi. Lokacin hunturu kuma sai na goge layin da tsumma kafin in kunna, in ba haka ba ƙura na sa shi tsayawa daidai kwanar da ke bayan kujera.