Bod ɗin diron ɗina bai ƙone ba, kebul ɗin fawa bank ne ya ci min kuɗi

Duk mai harkar ƙananan jirage marasa matuƙi irin na FPV ɗin nan (masu kyamara, kana tuƙi kana ganin abin da diron ke gani) da muke haɗawa da hannunmu, in aka ɗauke maka wuta kana tsakiyar filashin, wato ɗora wa bod sabuwar manhaja, don Allah kafin kace bod ya mutu ka fara canza kebul. Ni sai da na tura kuɗin sabon bod China kafin na gane haka, kuma wallahi har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Diron ɗin nawa mai farfela inci 5 ne, bod ɗin FC ɗinsa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa tashinsa, mai IC ɗin STM32F405 ne, yana kan manhajar Betaflight 4.3 kuma lafiya lau yake tashi, kawai dai naso in koma 4.5. To kun san tun daga 4.4 da ta fito a 2023 ba kamar da bane da zaka sauke fayil ɗaya ka ajiye, yanzu sai ka zaɓi abubuwan da kake so sabar su ta haɗa maka manhajar a intanet sannan ta sauko, mu kuma a Anguwan Rogo nan Jos netwok ɗin layina cikin ɗaki sai a hankali, shi yasa na ɗauki diron na tafi shagon wani abokina wajen Terminus, yana da wayfai mai kyau da kwamfutar tebur. Kwamfutar ba UPS. Mun jona da kebul ɗinsa, komai ya hau, ya gama goge tsohuwar manhajar ya fara rubuta sabuwa, layin nan ya kai wajen rabi kawai sai ɗif, an ɗauke wuta. Kafin yaronsa ya tada janareta aikin gama ya gama. Kwastomomi na jiransa ga magariba ta kawo kai, sai nace masa bari in je gida in ƙarasa a laftof ɗina.

A gida da na sa batir, ESC, wato bod ɗin da ke juya injina, yayi ƙaran nan uku na farko sai yayi shiru, biyun ƙarshe da yake yi in ya samu sigina daga FC basu zo ba. Wannan ya nuna min ESC da injina lafiyarsu ƙalau, ƙwaƙwalwar ce bata tashi, kuma ban wani firgita ba don nasan akwai DFU, yanayin da bod ke karɓar sabuwar manhaja ta USB ko da tsohuwar ta lalace. Na cire batir, na ɗauko kebul ɗin micro USB da ke kusa dani, ɗan gajeren nan da yazo da fawa bank, na danne botin ɗin BOOT na jona. Fitilar bod ta kama. Na duba Configurator, manhajar kwamfutar da ake filashin da saita bod da ita, babu DFU babu COM babu komai.

Wannan fitilar ita ta rufe min ido. Tunda ta kama, a raina an gama maganar kebul, wuta na shiga ai. Sai na koma kan direbobin Windows, na buɗe Zadig, manhajar sa direban USB, na ce ya nuna duk na'urorin da ke jone, STM32 BOOTLOADER bata cikin jerin. Na kunna ImpulseRC Driver Fixer ya zauna yana ta nema yana ta nema har na gaji na rufe. Na cire direbobi na sake sawa, na canza ramin USB, na kashe laftof na kunna. Na tuna wasu bod na F4 basa shiga DFU in risiba mai karɓar siginar rimot ko GPS na turo bayanai ta wasu UART, wato layukan bayanai na bod, a lokacin da ake jonawa, wanda gaskiya ne yana faruwa, sai na ɗauko ayan ɗin liƙin waya na cire wayoyin risiba ɗin ExpressLRS ɗina da na sha wahala kafin na liƙa su da kyau. Duk a banza. Har zargin botin ɗin BOOT ɗin nayi, nasa mita na auna naga yana haɗawa daidai. Kwanaki ina wannan abu, dare nake rabawa, kuma a duk gwajin nan abu ɗaya ne bai taɓa canzawa ba, wannan ɗan baƙin kebul ɗin.

Da abin ya isheni na kai wa wani mai gyaran waya, ba zan kira suna ko shago ba. Ya jona a cajarsa, ya ɗora yatsa kan IC ɗin, yace "Oga wannan ya tafi, wutar da aka ɗauke ce ta buga shi, sai dai mu sa masa iska mai zafi mu gani ko zai farfaɗo." Na ce masa Malam bar shi kawai, na gode. Allah Ya taimake ni ban yarda ba, don da ya hura wa bod ɗin nan zafi, ga gyro mai auna motsin diron a gefen IC ɗin, da lafiyayyen abu zai kashe min. Amma maganarsa ta zauna min a rai, a daren na yi odar sabon bod. Da canjin dala yadda yake ga kuɗin kawowa, kuɗin da na ware ne na batira biyu da nake ta tarawa suka tafi.

Yadda asiri ya tonu kuwa, ƙanwata ce ta ari laftof ɗin zata kwashe hotunan biki daga tsohuwar wayar Mama, ta ɗauki kebul ɗin a kan tebur, can sai ta leƙo tace "Yaya wannan kebul ɗin naka caji kawai yake, kwamfutar bata ganin wayar, baka da wani?" Ban ma amsa mata ba na miƙe. Na ciro kebul ɗin wata tsohuwar MiFi a durowa, na danne BOOT na jona, sai naji Windows yayi ƙaran nan na sabuwar na'ura. Na buɗe Device Manager ga STM32 BOOTLOADER a zaune. Jikina har rawa yake, farin ciki da takaici a lokaci ɗaya, don a lokacin sabon bod ya riga ya baro China, ba maganar fasawa.

Ga abin da ke faruwa. Kebul ɗin USB na ainihi wayoyi huɗu ne a cikinsa, biyu na wuta wato 5V da ƙasa (GND), biyu na bayanai D+ da D-. Da yawa daga cikin gajerun da ake sakowa a kwalin fawa bank ko fitila mai caji ko ƴar sifika wayoyin wutar kawai aka sa musu, daga waje kuma kamanninsu ɗaya sak. Zai kunna maka fitilar bod, zai ma kunna risiba, amma kwamfuta ba zata taɓa sanin an jona wani abu ba. Gwajin bai kai minti ɗaya ba, ka jona waya da kebul ɗin ka gani ko kwamfuta zata nuna fayilolinta. Kuma in kebul na ɗauke da bayanai, ko direba bai dace ba Device Manager zai motsa, zai nuna wata na'ura da alamar rawaya. In ka jona ka cire baka ga komai ya motsa ba sam, to ba direba bane, kar ka ɓata darenka kan Zadig kamar yadda na ɓata nawa.

Abu na biyu da nake so ya zauna wa mutane, bod mai STM32 da wuya filashin da ya katse ya kashe shi. Kamfanin ST mai ƙera IC ɗin tun a masana'anta yake sa ƙaramar manhajar tayarwa a wani sashe na IC ɗin da ba a gogewa, filashin baya taɓa wurin. Botin ɗin BOOT ba abin da yake illa ya ɗaga ƙafar BOOT0 a daidai lokacin da wuta ta shigo, sai IC ɗin ya tsallake rabin manhajar da ta lalace ya shiga waccan. Shi yasa dole ka danne kafin ka jona, ba bayan ka jona ba, kuma batir a cire. In bod ɗinka ba botin zaka ga ƴan ɗigon tagulla biyu an rubuta BOOT ko BT, haɗa su zakayi da hantsaki.

Daga nan sauran ba wuya. Driver Fixer ya gyara direban nan take, DFU ta fito a Configurator. Abu ɗaya dai, botin ɗin gano bod da kansa baya aiki tunda ba manhajar da zata amsa masa, sai ka zaɓi sunan bod ɗinka da hannu, kuma ainihin sunan ba wai F405 kawai ba, don bod masu F405 suna da yawa kuma kowanne da yadda aka jera ƙafafunsa, in ka sa na wani zai iya tashi amma yace babu gyro ko injina su ƙi amsawa. Na kunna Full chip erase, na tabbatar laftof a cike yake da caji, na danna. Ko minti biyu bai yi ba ya gama. Na sa batir naji ƙara uku, sannan biyun nan suka biyo baya, Alhamdulillah.

Saitin kam duk ya tafi, ba makawa. Abin da ya cece ni abokin nan nawa Allah Ya saka masa, kafin mu fara ranar ya shiga CLI, wurin rubuta umarni a Configurator, ya rubuta diff all wanda ke fito da saitin da na canza, ya ajiye a fayil, ya turo min ta WhatsApp. Amma ban zuba shi gaba ɗaya ba kuma bana ba kowa shawarar ya zuba, fayil ɗin na 4.3 ne, wasu sunayen saiti sun canza wasu an cire su. Na buɗe shi a gefe ina dubawa, na ɗauko wane UART ne risiba take kai, CRSF wato yaren da risiba ke magana da bod, makunnan rimot na ARM mai kunna injina da sauransu, juyin bod, teburin VTX mai turo bidiyo da tsarin OSD wato rubutun da ke fitowa kan bidiyon, na bar PID, lambobin daidaita tashi, da filtoci a yadda sabuwar ta zo dasu. Na maida wayoyin risiba da na cire a banza saboda kebul, wannan ma sai da ya ƙara min haushi don ɗaya daga cikin wuraren liƙin ya fara ɗagowa.

Kuma don girman Allah a cire farfela kafin a gwada injina. Da na shiga shafin injina da farko na ɗauka biyu suna juyawa yadda zanen ya nuna biyu kuma akasin haka, na duba da kyau sai naga duka huɗun ne suka saɓa da zanen ba biyu ba, dalili shine da can farfeluna waje suke juyawa kuma wannan saitin ya goge tare da sauran, zanen ya koma na asali. Da na ɗaura farfela na fita fili haka, ina ɗaga shi zai kife ko ya yanki mutum.

Sabon bod ya iso bayan makonni, yana nan a ledarsa ban ko buɗe ba, batiran da naso saya kuma sai wani watan. Kebul ɗin fawa bank ɗin na sa almakashi na raba shi biyu don in gani da idona, wayoyi biyu ne rak, ja da baƙa.

Na fita dashi wani fili ta wajen Lamingo da sassafe kafin iska ta taso, nesa da gidajen mutane, kuma ku da kuke Jos kun sani ba a kusantar barikin Rukuba ko filin jirgin Heipang da irin wannan abu ko da wasa. Ya tashi lafiya, yana amsa rimot yadda ya kamata. Abin da ya rage min shine ƴar girgiza da yake in na sauke shi da sauri, nan garin muna sama da mita 1,200 iskar bata da kauri kamar ta ƙasa, tsohon saitina na PID na riga na daidaita shi da haka, yanzu sai na sake bi a hankali a kan 4.5 ɗin, batir ɗaya bayan ɗaya da ƴan tsofaffin da nake dasu.