Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙarfe Ɗaya, Mu Uku

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda maigidan garejinmu na Fulorida ya fara sayar da ƙarfen da na ƙera, da tambarin gareji a jiki. Wasu sun rubuto cewa ba su gane wane irin ƙarfe ba ne, wasu ma tseren ne ba su gane ba ɗungurungum. To bari in ɗan warware kafin mu ci gaba.

Tseren nan ba na zagaye fili ba ne. Motoci biyu ke jerawa, fitila ta nuna kore, su miƙe ɗoɗar har kwatan mil, wato mita 402. Manyan cikinsu, masu shan man nitiro, an rage musu zuwa ƙafa 1000 tun 2008 bayan hatsarin da ya kashe direba Scott Kalitta, kuma ba sa cika daƙiƙa 4 sun cinye tazarar, gudunsu ya haura kilomita 500 a awa. Mu ba irin waɗannan muke haɗawa ba. Masu kawo mana aiki mutane ne da ke neman abincinsu Litinin zuwa Juma'a, su fita tsere ranar Asabar. Amma ko motocinsu, da sun zabura gaba kan ɗaga sama, shi ya sa ake maƙala musu sanduna a baya masu 'yan ƙananan tayoyi da ke tokare ƙasa. Tsayin sandunan nan sai ana gyarawa gwargwadon yadda titi ke riƙe taya, kuma titin tsakar rana daban, na yamma daban. Da sai yaro ya kwanta ƙarƙashin mota da sifana, ya kwance noti, ya auna, ya ɗaure, ana ta yi masa ihu lokaci na ƙurewa. Ni kuwa na yanko faranti biyu na ƙarfe, na huhhuda su a jere, na yi musu walda, na sa fil. Ka zare, ka matsa rami ɗaya, ka mayar. Iyakar abin ke nan.

Sai ga shi mu uku muna ja. Direban da aka fara sa wa a mota ya hau Facebook ya ce dabararsa ce, tunda shi ya daɗe yana ƙorafi. Maigida ya ce ƙarfensa ne, wutarsa ce, lokacin da na yi aikin ma biyana yake yi, ga kuma takardar ɗaukar aiki da na sa wa hannu, wadda ta ce duk abin da ma'aikaci ya ƙirƙiro a gareji na gareji ne. Ni kuma ga kwalin da na fara zane a kai yana nan a akwatin kayan aikina, da shatin mai a jiki.

A cikin wannan ƙunci nake watan Maris ya kama, lokacin babban tseren Gainesville da ake yi tun 1970. Akwai wani dattijon Bature a garejin, shi ke haɗa mana injin, Baba nake ce masa har ya saba yana amsawa. Shi ya ɗauke ni a akori-kurarsa. Muna kaiwa Ocala sai ya sauka daga babban titi ya ce in zo in ga wani abu. Gidan tarihin Don Garlits ne, mutumin Tampa da aka haifa a 1932, wanda 'yan wannan tsere ke ɗauka tamkar ubansu.

Baba ya wuce da ni gaban tsofaffin motocin tukuna. Dogaye ne sirara, injin a gaba, direba a can ƙarshen wutsiya, bayan tayoyin baya, ƙafafunsa sun raɓa giyabos ta kowane gefe. Mickey Thompson ake danganta wa wannan ƙira, wajen 1954, kuma dalilinta a fili yake: a tara nauyi a kan tayoyin baya su kama titi. Illarta ita ce duk abin da ya fashe a injin, mai da wuta da ɓaraguzan ƙarfe, fuskar direba suke nufa. Ranar 8 ga Maris 1970, a filin Lions da ke kusa da Long Beach a Kalifoniya, giyabos ɗin motar Garlits ya tarwatse tun a wurin tashi, ya raba motar gida biyu, ya tafi da wani sashe na ƙafarsa ta dama. Yana kwance a asibiti ya ƙudura ba zai sake zama a bayan injin ba. Da ya fito, shi da abokan aikinsa biyu, T.C. Lemons da Connie Swingle, suka haɗa wata mota mai suna Swamp Rat XIV, direba a gaba, injin a bayansa. A watan Fabrairun 1971 ya lashe gasar Winternationals a Pomona da ita. Kafin ka ce kwabo kowa ya bi. Mota mai injin gaba ta ƙarshe da ta ci babbar gasar NHRA, wato babbar ƙungiyar da ke shirya wannan tsere, a ajin waɗannan dogayen motoci ita ce ta Art Marshall, a Kanada, 1972.

Na ce, “Baba, ashe shi ya ƙirƙiro.”

Ya yi dariya har da tari. Ya ce in na faɗi haka a gaban tsofaffin Kalifoniya ba zan sha da daɗi ba. Ya shiga lissafa min da yatsu. Tun shekarun 1950 akwai motar Speed Sport ta mutanen Tucson mai injin a bayan direba. Tony Nancy ya gwada tasa a farkon shekarun 1960. Woody Gilmore da Pat Foster sun haɗa ɗaya a ƙarshen 1969, ta yi mummunan hatsari da Foster a wannan fili na Lions ɗin. Ba su haƙura ba, suka sake haɗa wata ga Dwane Ong mai suna Pawnbroker, kuma ta ci gasar ƙasa ta wata ƙungiyar tseren mai suna AHRA a watan Agustan 1970, wata shida cur kafin Garlits ya ci Pomona.

Abin da ya fi tsaya min shi ne zancen sitiyari. Motocin injin baya na farko suna da wata muguwar ɗabi'a: da gudu ya yi gudu sai su riƙa wulgawa hagu da dama. Ita ma ta Garlits haka ta yi ta yi a gwaji. Ashe direban da ya saba zama a wutsiya yana ganin doguwar motar duka a gabansa, ko ɗan karkacewa ta yi ya gani. Da aka mai da shi gaba, sitiyarin da aka gada ya yi masa saurin amsawa, ɗan motsin hannu kaɗan ya isa ya watsar da mota. Magani shi ne a rage wa sitiyari kaifi, sai ka juya da yawa taya ta juya kaɗan. A labarin ɓangaren Garlits, Swingle ne ya kawo wannan shawara. Mutanen Gilmore kuma na cewa su sun riga sun gano hakan bayan hatsarin Foster. Baba ya ce shekara hamsin ke nan ana wannan musu a rumfunan tsere, ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Na tsaya ina kallon motar, ina ta saƙe-saƙe. Ni dai a ganina Garlits bai ci haƙƙin kowa ba da ya yi suna. Wanda ya sa abu ya yi aiki a gaban jama'a, mako bayan mako, har abokan hamayya suka jingine motocinsu suka kwaikwaye shi, ya yi abin da na gabansa ba su yi ba, kuma Allah kaɗai ya san direbobi nawa suka tsira da fuskokinsu saboda haka. Sai dai sunan da ke jikin mota shi ake tunawa. Swingle mai walda ne kamar ni, kuma ban da irin su Baba, mutum nawa cikin masu cika filin Gainesville suka san shi? Shi ma ya yi sa'a, tunda maigidansa kan ambace shi. Nawa maigidan ko a baki bai taɓa cewa wane ne ya yi ba.

A hanya na tambayi Baba zancen rajistar ƙirƙira. Ya ce a Amurka takardar tana kare mutum shekara 20, kuma ko da kamfani ne ya mallake ta, doka ta ce sai an rubuta sunan ainihin wanda ya ƙirƙiro. Amma ya ce a wannan sana'a yawanci ba a bi ta kanta. Mota tana fita fili, masu ido sun zagaye ta, wani ya durƙusa kamar yana ɗaure takalmi, mako biyu ka ga irinta a wani gareji. Kuɗin lauya kuma ya fi ƙarfin farantin ƙarfe mai ramuka.

Da daddare na kira yayana a Kano na zayyana masa komai. Bai bari na dire ba.

“Kai yanzu a ƙasar mutane za ka ja da wanda ke biyanka albashi? Takardunka fa a hannunsa suke.”

“Yaya, ba kuɗi nake nema ba. Suna kawai.”

“Sunan za ka aiko wa Inna ƙarshen wata?”

Na yi shiru, don ba a musu da Yaya in ya ambaci Inna. Amma raina bai kwanta ba. Ranar Litinin na riga kowa zuwa gareji, na ɗauko kwalin nan na shimfiɗa a kan teburin maigida, na ɗora sifana a kai kada iskar fanka ta ɗauke, na koma bakin aikina na sa gilashin walda. Can wajen ƙarfe tara na ji an buɗe ƙofar ofis, aka kira ni, aka kira Baba. Ina shiga na tarar direban nan ma yana zaune, da wani mutum mai kwat da jakar takardu wanda ban taɓa gani ba.

Abin da aka ce a ɗakin, da abin da Baba ya yi wanda ya sa maigida ya miƙe tsaye, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.