Laraba: wai fatarta ce ba ta karɓa ba

Hunturu ya sauka sosai, tun asuba ƙura ta rufe Birni. Na tashi da daɗin rai, ankon bikin Rakiya ya fito, har Inna ta ce launin ya yi mata. Muna cikin shan kunu Balki ta fito daga ɗaki, mayafi rufe da rabin fuska. Da ƙyar ta yarda ta buɗe. Kumatu sun yi jawur, ƙuraje sun feso har wuya, ta ce zafi take ji kamar an shafa mata barkono. Man haɗi ne na jika uku, cikin farar roba, babu suna, babu ranar lalacewa. Wai don ta yi haske kafin biki.

Na ja ta muka hau kabu-kabu zuwa shagon da ta sayo man.

Na yi sallama, na ajiye robar a gaban mai shagon, na ce, "Alhaji, dubi abin da manka ya yi wa ƙanwata." Bai ko ɗaga kai sosai ba ya ce, "Hajiya, fatarta ce ba ta karɓa ba. Mata nawa ke saye, ba wadda ta dawo." Na ce to me aka zuba a ciki? Ya ce sirrin sana'a ne, shi ma daga Kano ake kawo masa. Na ce ya ba ni lambar mai haɗawa, ya ce ba ya da ita. Sai ya miƙo wata ƙaramar kwalba, wai wannan ke gyara ɓarnar wancan, jika biyu, zai rage mini. Nan raina ya ɓaci. Da na ɗaga murya, sai ya juya ga Balki: "Ƴan mata, ni na kira ki? Ba da ƙafarki kika zo ba?" Yarinya ta sunkuyar da kai, ta ja hannuna tana cewa, "Yaya, don Allah mu tafi, mutane na kallo."

Maganarsa ta cewa ba wadda ta dawo ita ke ta cina har yanzu. Yaya za su dawo? Wadda fuskarta ta ƙone kunya ke kulle ta a ɗaki, don ta san abin da za a fara ce mata: ta raina halittar Allah, ita ta jawo wa kanta. Shi kuwa wannan shirun yake ƙirgawa a matsayin shaidar ingancin kayansa. Takardar saye babu, sunan mai haɗawa babu, to ƙarar wa za ka kai, da wace hujja? Nijar na da dokar kare masu saye tun 2015, amma dokar ba ta shiga shagon nan tare da mu ba.

A farmasi matar da ke wurin ta saurare mu da natsuwa, Allah ya saka mata. Ta ce irin wannan haɗin yawanci da clobetasol ake yin sa, maganin ciwon fata mai ƙarfi da likita ke rubutawa na ɗan lokaci. In aka daɗe ana shafawa fata na yin siriri, nankarwa ta fito, ƙuraje su biyo. Wasu na ƙara hydroquinone, wanda da zafin rana irin tamu ke barin baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita. Wasu har da sinadarin mercury, mai taɓa ƙoda. Kodibuwa ta hana irin waɗannan mayukan tun 2015, mu ga su jere a kanta. Ta ce kada Balki ta shafa komai sai likitan fata ya gani, mu tafi masa da robar.

Inna ba ta yi faɗa ba, ta dai yi tsit, wanda ya fi faɗan nauyi ga Balki.

 

Balki ta ce ba za ta je biki ba. Na roƙe ta ta bar ni in ɗauki hoton robar, ban da fuskarta, in tura wa matan zumuncinmu, don na san aƙalla ƙawayen amarya daga shago ɗaya suke saye. Ta yi jim, sannan ta ce in tura, amma kada in faɗi sunanta. Na tura. Gobe da sassafe asibiti.