Kafin ka cike fom ɗin karatun walwalar jama'a ko lafiyar ƙwaƙwalwa, tsaya ka ji

Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar sabbin ɗalibai sai saƙonni su fara shigo min daga ƙanne da 'ya'yan ƙawaye, kuma kusan maganar iri ɗaya ce, "Anti ni ma irin karatunki nake so in yi, ni mutum ce mai tausayi, kowa ni yake kawo wa matsalarsa." To madalla, ban raina tausayi ba wallahi, in babu shi ma ba za ka jima a aikin nan ba. Amma tausayi kowa da shi yake zuwa daga gida, makaranta ba ta koyar da shi kuma ba don shi ake ba ka lasisi ba. Abin da ake zuwa koyo shi ne yadda za ka zauna gaban mutumin da rayuwarsa ta cukurkuɗe, ka taimake shi ba tare da ka ƙara jagula masa lissafi ba, kuma wannan ba a iya shi sai an yi a gaban wani ƙwararre yana kallonka yana gyara maka.

Bari in fara da ruɗanin da na fi gani. Mutane suna ɗauka duk abu ɗaya ne, alhali ƙofofi ne daban daban kuma in ka shiga wadda ba ita kake nufi ba sai ka yi shekara huɗu kafin ka farga. Likitan ƙwaƙwalwa sai ya gama karatun likitanci gaba ɗaya tukunna ya ƙara wasu shekaru na ƙwarewa, shi ne mai rubuta magani. Masanin halayyar ɗan adam mai duba marasa lafiya, wato mai saikoloji na asibiti, a yawancin ƙasashe sai ya kai digiri na biyu ko ma na uku kafin a bar shi ya zauna da majinyaci shi kaɗai, digirin farko na saikoloji kawai ba ya mai da kai mai warkarwa, wannan maganar tana ɓata wa yara rai amma gara su ji ta yanzu. Akwai nas masu kula da masu taɓin hankali, akwai masu ba masu shaye-shaye shawara, akwai mu ma'aikatan walwalar jama'a, soshiyal woka kenan, da aikinmu ya haɗa mutum da iyalinsa da makaranta da kotu da asibiti da maganar muhalli da abin kashewa. Sai kuma masu satifiket ko difloma ta shekara ɗaya ko biyu, waɗanda suke aiki ƙarƙashin waɗancan, su ne masu bin mutum har gida, su tuna masa ranar ganin likita, su raka shi ofis ya cike takarda, su lura in ya daina shan magani.

Kar ka raina waɗannan na ƙarshen fa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kusan mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa, wajen mutum miliyan 970, kuma ciwon damuwa da na fargaba su ne kan gaba. A rahotonta na 2020 ta nuna cewa matsakaicin adadin ma'aikatan wannan fanni a duniya 13 ne ga kowane mutum 100,000, ƙasashe masu kuɗi sun haura 60, matalautan ƙasashe ko 2 ba su kai ba. Ka ga kenan in aka ce sai an jira likitoci sun wadata to ba ranar da za a gama jira. Shi ya sa tun 2008 hukumar ta fito da wani shiri na koya wa ma'aikatan lafiya na gama-gari yadda za su gane su kuma kula da waɗannan cututtuka. A Zimbabuwe kuma wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya fara horar da tsofaffin mata tun wajen 2006, suna zama kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, kuma da aka yi gwaji aka buga sakamakon a 2016 an ga waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Mutane suna son kawo wannan labarin don su ce ai ka gani ba sai an yi karatu ba. A'a, ku karanta da kyau. Matan nan an koya musu tsari ne na warware matsala mataki mataki, akwai masu duba aikinsu, kuma sun san lokacin da abu ya fi ƙarfinsu su tura mutum gaba. Horon gajere ne amma horo ne.

A aji kam za ka sha lakca, yadda ɗan adam yake girma tun daga jariri har tsufa, alamomin cututtuka, dokokin kare yara da masu rauni, ɗa'ar aiki, ɗan abin da ya kamata ka sani game da magunguna ko da ba kai za ka rubuta ba, sai kuma kwas ɗin bincike da ƙididdiga wanda kowa yake kuka da shi, mutum ya gudo daga lissafi ya zo ya tarar da shi yana jiransa. Ku daure da shi, shi ne zai sa gobe in wani ya zo yana tallar sabuwar hanyar warkarwa ka iya tambayarsa a kan mutum nawa aka gwada, da wa aka kwatanta.

Amma darasin da ya fi ba ɗalibai wahala ba ya cikin waɗannan, shi ne koyon yin shiru. A makaranta mai kyau za a zaunar da ku biyu biyu, ɗaya ya zama mai matsala ɗaya ya zama ma'aikaci, a ɗauki bidiyo, sannan a kunna a gaban aji kowa yana kallo. Nan ne mai cewa kowa ni yake kawo wa matsalarsa zai ga kansa yana katse mutum tun bai gama jimla ba, yana jero shawara, yana cewa ka yi haƙuri kowa da irin tasa, ko ya ɗauko labarin kansa ya maye gurbin na mai magana. Duk da kyakkyawar niyya ne, kuma duk yana rufe bakin wanda ya zo. Wani masanin halayyar ɗan adam, Carl Rogers, tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce yake nanata cewa mutum yana fara canzawa ne in ya ji an fahimce shi ba a yanke masa hukunci ba, mu dai mun san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ɓangaren shaye-shaye abin ya fi fitowa fili. Wani masanin halayyar ɗan adam, William Miller, ya fito da wata hanya ta tattaunawa a 1983, daga baya suka faɗaɗa ta shi da Stephen Rollnick, kuma gindin maganar shi ne in ka tsaya kana lissafa wa mai shan ƙwaya illolinta to shi kuma sai ya koma kare ta, yana kawo maka dalilai, kuma da bakinsa yake ƙara shawo kan kansa ya ci gaba. Sai ka koyi yin tambayar da za ta sa shi ne zai faɗi dalilin da ya sa yake son ya bari. Faɗar wannan a rubuce minti ɗaya ne, iya shi kuwa sai an yi ta maimaitawa ana gyara ka har ka ji haushi.

Haka maganar kashe kai. Sama da mutum 700,000 ne suke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, kuma ɗalibi sabo tsoron tambayar yake, gani yake in ya furta kalmar kamar shi ya saka wa mutum tunanin. Bincike bai nuna haka ba, tambaya kai tsaye ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi mutum yake ji don an samu wanda bai firgita ba. Ko takardar nan mai tambayoyi tara da ake auna ciwon damuwa da ita, tambaya ta tara a kan wannan take, kuma na sha ganin ɗalibi ya karanta takwas da murya sosai ya zo ta tara ya haɗiye ta ko ya ce "wannan dai ba ruwanka da ita ko?" To me kake so mutum ya amsa. Dole sai ka furta tambayar sau da yawa a aji har muryarka ta daina rawa, sannan ka san me za ka yi in aka ce maka e.

Shi ya sa ni in za ka zaɓi makaranta, kafin ka kalli kyan gini ko sunan jami'a, tambayi maganar firaktikal. Sana'armu ta soshiyal woka tun asalinta a fili aka haife ta, kwas na farko da aka yi a birnin New York a 1898 na sati shida ne kawai, na masu aikin agaji, ana lakca ana kai su ziyara wuraren aiki, shi ne daga baya ya zama makarantar da ke Jami'ar Kolombiya. Yau a Amurka hukumar da ke tantance wannan karatu ba ta yarda da digirin farko ba sai da aƙalla awa 400 na aikin fili, digiri na biyu awa 900, kuma bayan ka gama in kana son lasisin duba marasa lafiya da kanka a jihohi da yawa sai ka ƙara wajen awa 3,000 ƙarƙashin kulawar wani, abin da yake cin kamar shekara biyu. A Ingila kwana 200 ne na koyon aiki a cikin digirin, kuma ba ka da ikon kiran kanka soshiyal woka in ba ka yi rajista ba, laifi ne a doka. Ba wai ina cewa ko'ina haka lissafin yake ba, kowace ƙasa da nata, amma ka ga nauyin da masu abin suka ba shi.

Kuma adadin awa ba shi ne duka ba. Akwai wurin da za a tura ɗalibi ya gama semesta yana jera fayil da ɗauko wa oga kaya, a sa masa hannu a littafi a ce ya yi. Don haka tambayi waɗanda suka riga ka, wa yake nemo wurin, makaranta ce ko kai za a bari ka yi ta yawo da wasiƙa, wanda zai kula da kai ɗan fannin ne ko kuwa duk wanda aka samu, yana zama da kai duk sati ku tattauna mutanen da ka gani ko sai ranar sa hannu, malaman makaranta suna leƙowa? Zaman nan na sati sati da sufabaiza, wato mai kula da kai a wurin, shi ne zuciyar karatun. A nan ne za ka ce "Malama wannan matar in ta fara magana sai in ji raina yana ɓaci ban san dalili ba," a taya ka tono dalilin kafin ya shafi aikinka. Ka kuma shirya aljihunka, don a wurare da yawa ba a biyan ɗalibi ko sisi a lokacin firaktikal, ga kuɗin mota ga shi ba ka da lokacin yin wani aikin, wannan yana korar yara masu ƙoƙari waɗanda gidansu ba ƙarfi kuma ni ina ganin rashin adalci ne da ya kamata makarantu su daina kawar da kai a kansa.

Abin da ba wanda yake sa wa a talla shi ne rubutu. Rahoto, rahoto, rahoto. Duk wanda ka gani sai ka rubuta me ya faɗa, me ka gani da idonka, me kuka shirya, kuma ka raba abin da ka gani da abin da kake zato, don wata rana alƙali ne zai karanta ya yanke hukunci a kan inda yaro zai zauna. Ga riƙe sirri, wanda ya wuce kawai ka ƙi faɗa wa ƙawarka, har da sanin inda sirrin yake ƙarewa. Kusan duk ɗalibin fannin nan sai ya ji labarin shari'ar Tarasoff, inda wani ɗalibi a Kalifoniya ya gaya wa mai duba shi cewa zai kashe wata yarinya, kuma ya kashe ta a 1969, kotun ƙolin jihar ta yanke a 1976 cewa mai duba majinyaci yana da alhakin kare wanda ake yi wa barazana. Dokar kowace ƙasa daban ce, amma ka'idar da muke bi ita ce tun zaman farko ka gaya wa mutum iyakar sirrin, kar ka yi masa alkawarin da ba za ka iya cikawa ba.

Masu satifiket na intanet na sati biyu da suke fitowa suna kiran kansu ƙwararru a Facebook da TikTok kuwa, ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Ka je wurin hukumar da ke ba da lasisi a ƙasarka ka tambaya ko ta san makarantar, kafin ka biya ko kwabo.

Sai maganar da nake yi wa ƙannena a hankali. Da yawanmu abin da ya kawo mu fannin nan wani ciwo ne na gida, ɗan'uwa da ƙwaya ta lalata, uwa da ta yi fama da damuwa ba wanda ya gane. Ba laifi ba ne, har ma akwai aiki na musamman da ake horar da waɗanda suka warke su taimaki na baya. Amma aji ba asibiti ba ne, in ciwon bai rufe ba ka nemi taimako naka daban, don ranar da aka kawo maka mai irin labarinka ba ka da damar ka fashe da kuka shi ya koma rarrashinka. Ƙonewar zuciya da gajiyar aiki ma gaskiya ce, wani masanin halayyar ɗan adam, Herbert Freudenberger, ya fara rubutu a kanta a 1974 daga abin da ya gani a jikin masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da wurin aiki yake haifarwa. Albashi kuma a yawancin wurare bai kai nauyin aikin ba, musamman ga mai difloma, don haka in da ita za ka fara ka tambaya tun yanzu ko jami'a za ta karɓi kwasa-kwasan da ka yi in ka tashi ƙarin karatu, kuma su ba ka amsar a rubuce, don an sha samun wanda ya gama shekara biyu aka ce masa ya koma aji ɗaya.