Kwamfireson da na ƙona kafin in koyi lissafin iska

Allon wani kantin magani ne ya jefa ni neman kwamfireso, injin matsa iska. Haruffa ne na alminiyam mai kaurin milimita 3. Kafin nan katako nake yanka da injin CNC ɗina, mai yanka da umarnin kwamfuta, a shagonmu na Zango, galibi ƙofofi masu zanen dagi irin na bangon tsofaffin gidajen Birni, sai fileksi, robar nan mai kama da gilashi, jefi-jefi. Katako ba ya gardama. Alminiyam kuwa, ban gama harafi na biyu ba na ji kukan injin ya sauya, kafin in kai hannu meshi, wato ƙarfen da ke juyi yana yankan, ya karye. Da na ɗauko guntun, sai na ga ƙarfen ya cika ramin bakinsa ya manne kamar an yi walda. Na sa wani, shi ma haka. Meshi biyu a hantsi guda, ga shi daga Kano ake aiko mini da su.

Watan Afrilu ne, zafin Damagaram ya haura digiri 40, don haka ban yi wani dogon tunani ba: zafi ne, iska ce magani. Na je na zaɓi kwamfireson da ya fi cika ido, mai tankin lita 50, ƙarfin doki 2, matsin iskarsa yana kai bar 8, a kwalinsa an rubuta lita 200 da wani abu a minti. Na ɗaura tiyo, na sa masa baki mai hujin milimita 2, na buɗe iska a bar 6. Rabin mintin farko har murmushi nake, ɓarɓashi na tashi kamar ƙaiƙayi a masussuka. Daga nan kwamfireson ya tashi, bai kuma ƙara tsayawa ba har aikin minti 40 ya ƙare. Telan da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo sau biyu bai ce komai ba, wanda ya fi magana ciwo. Kwana kaɗan kwamfireson ya fara kashe kansa in ya yi zafi, iska ta ɗauke ana tsakiyar yanka. A mako na uku ƙauri ya tashi.

Wani dattijo mai faci a bakin titinmu na kai wa shi. Ya taɓa, ya sunsuna, ya ce, "Ɗana, wannan ai na cika taya ne. Ya yi aiki ya huta, ya yi aiki ya huta. Kai kuwa ka mai da shi injin niƙa ranar biki." Na ce, "Baba, ai tankinsa babba ne." Ya yi dariya ya ce, "Randa mai huji, girmanta me zai yi maka in ɗan ga-ruwa bai kawo abin da ya kai yoyon ba?"

Duk ɗan Damagaram ya san lissafin ruwa, sai ga shi na kasa yi wa iska irinsa. Da dare na zauna da biro. Tankin lita 50, daga bar 8 ya sauko bar 6, iskar da ya bayar lita 100 ce kacal. Hujin milimita 2 a bar 6 yana shan sama da lita 200 a minti. Ke nan tankin bai kai rabin minti ba. Lambar kwali kuma iskar da injin ke zuƙa ce, abin da ke fitowa bayan an matse ta bai wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku ba. Bashi nake ɗora masa kowane minti, shi kuma ƙananan nan marasa bel, masu juyi kusan 2,850 a minti, ba a yi su don aiki ba hutu ba.

Gyaran da ya fi kowane amfani bai ci mini ko dala ba. Na mayar da hujin milimita 1, na sauke iska zuwa bar 2, na matso da bakin tiyon kusa da meshi, kamar faɗin yatsa. Shan iska ya koma wajen lita 25 a minti, kusan kashi ɗaya cikin goma na da, kuma aikin ya fi kyau.

A nan ne na gane ashe iskar ba sanyaya meshi take yi kai tsaye ba, ko in ce kaɗan take yi. Ɓarɓashin da meshi ya yanko shi ke tafiya da zafin. In ya tsaya cikin rami, meshi ya sake bi ta kansa, ya niƙe, ya yi laushi, ya manne. Aikin iska ta share hanya. Ni ma da laifina: tsoro ya sa nake tafiyar da injin a hankali alhali meshi na juyi 24,000 a minti, sai ya zama goga yake yi maimakon yanka. Na koma meshi mai baki ɗaya, juyi 18,000, na ƙara saurin tafiya, ina shiga rabin milimita kowane zagaye. Ɓarɓashi ya riƙa fitowa da ɗan kauri yana sheƙi, in ya faɗo maka a hannu ka ji zafinsa, meshi kuwa lafiya lau.

Yanzu kwamfireso biyu gare ni. Na alminiyam tsohon hannu ne mai bel da mai, tankin lita 100. Famfonsa na juyi a hankali, ƙararsa ta yi sauƙi, kuma yana samun hutu mai tsawo tsakanin tashi da tashi. Aibinsa lokacin tashi yake jan kuran ninki-ninki, ƙaramin gurup ɗina, wato janareta, sai ya shaƙe, don haka in an ɗauke wuta aikin alminiyam ya jira. Na fileksi kuwa ɗan injin iska ne irin na masu kiwon kifi, bai kai wat 100 ba, yana wuni a kunne ko a jikinsa. Ƙarfinsa bai isa ya fitar da alminiyam daga rami mai zurfi ba, na gwada.

Damina ta koya mini nata. A Agusta tiyo ya tofa ruwa gauraye da mai a kan wata ƙofa da na kusa gamawa, tabon bai fita ba. Tun ranar na sa matatar ruwa kafin tiyo, kuma yaron shago ba ya rufewa da yamma sai ya kwance ƙusar ƙasan tanki ya zubar da abin da ya taru. Da hunturu kuma matatar da injin ke zuƙar iska ta cikinta ce ke toshewa da ƙura, duk Juma'a muke kakkaɓe ta. MDF, katakon da ake matsawa da garin itace, ba na hura masa iska sam, garinsa ya fi ƙarfin huhu, zuƙe shi ake yi. Na kuma sa bawul na lantarki, umarnin M8 a cikin shirin CNC ya buɗe shi, M9 ya rufe, saboda sau nawa ina mantawa da iska a buɗe in tafi sallar Azahar.

Wancan na farkon an sake naɗa masa waya, na bar wa Baba. Yana nan gindin bishiya yana cika tayoyin 'yan kabu-kabu, minti ɗaya yana aiki, minti goma yana hutu. Telan ma ya dawo muna gaisawa.