Taron yanki na malaman fili: abin da ke sa ya yi amfani

Malamin fili, wato mai koyarwa ta hanyar aikatawa, ko a daji yake aiki, ko kan dutse, ko cikin kwale-kwale, ko a filin makaranta da igiya da gungumen itace, yawanci shi kaɗai yake tare da ɗalibansa. Babu abokin aiki a aji na kusa da zai leƙo ya ce masa ƙullin nan bai yi ba, ko tambayar da ya yi wa yara bayan wasa ta rufe musu baki. Yana iya shekara biyar yana maimaita kuskure ɗaya bai sani ba, don kuwa ba abin da ya taɓa faruwa. Amfanin taron ƙara wa juna sani ke nan a wannan sana'a: wuri ne da wani ƙwararre zai ga hannunka kana aiki.

Manyan ƙungiyoyi sun daɗe da gane haka. Ƙungiyar Association for Experiential Education ta Amurka tana yin babban taro na shekara-shekara, tana kuma da tarukan yankuna, haka ma Institute for Outdoor Learning a Birtaniya tana tara membobinta yanki-yanki. A ganina ƙaramin taron yanki ya fi babban amfani ga mai aikin yau da kullum. Mutanen yanki ɗaya yanayi ɗaya suke fama da shi, irin dutse ɗaya suke hawa, kogi ɗaya suke shiga, hukuma ɗaya ke ba su izini. Wanda ya ce maka rafin kaza yana cika cikin minti ashirin idan an yi ruwa a tudu ya ba ka abin da ba za ka samu a babban zaure ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tara malaman fili a zaunar da su cikin ɗaki wuni guda ana haska musu rubutu a bango. Tun 1938 masanin ilimi ɗan Amurka John Dewey ya nuna cewa ba kowane abin da mutum ya fuskanta ke zama ilimi ba, sai an tsara shi an kuma yi tunani a kansa. A 1984 wani masanin, David Kolb, ya shimfiɗa zagayen koyo mai mataki huɗu: a yi abu, a waiwaya a duba shi, a fitar da ƙa'ida, a sake gwadawa. Kusan kowa a taron ya haddace wannan, amma sai a karanta masa shi yana zaune a kujera. Zaman da ya yi kyau yana bin zagayen da kansa. Idan minti 90 ne, mai gabatarwa ya ɗauki 10 ya yi shimfiɗa da bayanin tsaro, 45 a aikace, 25 a tattauna, 10 na ƙarshe kowa ya rubuta yadda zai juya abin ya dace da ɗalibansa. Abin da ke lalacewa kusan kullum shi ne minti 25 ɗin nan. Wasa ya yi daɗi, an zarce, sai a ce lokaci ya ƙure. Maganinsa mai sauƙi ne: a ba wani dabam agogo, ba mai gabatarwa ba, kuma a ba shi ikon tsayar da aiki.

Ita tattaunawar ma tana da dabara. Tambayoyi uku da ake jingina wa wani malami ɗan Amurka, Terry Borton, tun 1970 har yanzu suna aiki: me ya faru, me hakan ke nufi, yanzu sai me. Sabon malami yakan tsallake ta farko ya faɗa kan ta biyu, sai mutane su fara ba shi amsar da suke tsammanin yana son ji, irin su haɗin kai da haƙuri. A tsaya a kan ta farko har sai an ji wanda ya riƙe igiya, da wanda aka yi watsi da shawararsa, da lokacin da ƙungiyar ta yi shiru. Kuma bayan an yi tambaya a ƙirga goma a zuci kafin a ƙara magana.

Shiri ya kamata ya fara wata shida zuwa tara kafin ranar. A zaɓi lokacin da aiki ya lafa, domin a tsakiyar kakar aiki shugabanni ne kawai ke samun zuwa, masu fita da yara kuwa suna can fili. Mutum 60 zuwa 120 ya isa taron kwana biyu, a raba su rukuni-rukuni na 12 zuwa 15 a zaman aikace. Wurin taro ya kasance yana da fili da rumfa ko zaure kusa da juna, tafiyar da ba ta wuce minti biyar ba, sannan a bar minti 20 tsakanin zama da zama saboda sauya kaya da tattara igiyoyi. Kowane mai gabatarwa ya kawo tsari na biyu da zai yiwu a ƙarƙashin rufi. Idan ana so a haɗa da horon agajin gaggawa na daji, wanda ƙaraminsa kan ɗauki awa 16, a sa shi kwana biyu kafin taron, kada a cusa shi cikin jadawali.

Akwai wani haɗari na musamman a taron ƙwararru. Kowa yana zaton na kusa da shi ya sani, kowa kuma yana jin nauyin duba ɗamarar hawa ta wanda ya girme shi a aiki. Ta haka ake samun wanda ya hau da ƙulli rabi. Saboda haka a naɗa mutum ɗaya mai kula da tsaro wanda ba ya gabatar da komai, a karɓi takardar lafiyar kowa tun wajen rajista, a san asibiti mafi kusa da tsawon lokacin da mota za ta ɗauka, a gwada ko waya na kamawa a kowane wurin aiki. Dokar duba juna ta hau kan kowa: ɗamara, hular kwano, ƙulli, ƙugiyar ƙarfe da ke haɗa igiya da ɗamara a kulle, da baki ake faɗa da hannu ake taɓawa. Haka nan ƙa'idar da ƙungiyar Project Adventure ta Amurka ta yaɗa, cewa mutum shi ke zaɓar iya inda zai kai a ƙalubale, ta shafi malamai su ma. Wanda ya ce ba zai hau ba a bar shi ya riƙe igiya.

Game da yanayi, a yanke hukunci tun kafin hadari ya taso. Sauti yana cin kusan kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku, don haka idan tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, abin yana cikin kilomita goma, sai kowa ya sauko ya shiga gini ko mota, kuma ba a komawa sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. A lokacin zafi kuma a ajiye ruwa a wurin aikin kansa, a tuna wa mutane su sha kamar kofi guda duk minti 15 zuwa 20.

Zaman duba kayan aiki yana da daɗin shiryawa kuma mutane suna tunawa da shi. A roƙi cibiyoyin da malaman ke aiki su kawo kayan da suka yi ritaya, a gauraya su da masu kyau a kan tabarma, a ce kowa ya ware. Igiya ana bin ta da hannu daga farko har ƙarshe, ana neman inda ta yi laushi ko ta yi tauri ko bayanta ya goge har cikinta ya fito. Ƙugiya a duba ko ƙofarta na komawa da kanta da kuma kwarin da igiya ta ci a jikinta. Yawancin masu ƙera kayan zare, irin su igiya da ɗamara, suna sa iyakar shekara goma ko da ba a taɓa amfani da su ba, shi ya sa littafin da ake rubuta ranar saye da yawan amfani yake da muhimmanci kamar kayan. Bayan zaman a yanyanka waɗanda suka lalace, kada wani ya mayar da su jaka.

Zaman da na fi ba muhimmanci shi ne na labarin tsallake rijiya da baya, wato lokutan da saura ƙiris a yi asara amma Allah ya kiyaye. A watan Maris na 1993 matasa huɗu sun rasu a Lyme Bay da ke kudancin Ingila yayin fita da ƙananan kwale-kwale, kuma daga baya ya bayyana cewa wasu malamai biyu da suka yi aiki a cibiyar da ta fita da su sun rubuta wasiƙar gargaɗi watanni kafin nan. Wannan ne ya kai ga dokar 1995 da ta kawo lasisi ga cibiyoyin da ke fita da yara. Gargaɗin ya wanzu, bai dai sami kunnen da zai ji shi ba. Taron yanki yana iya zama wannan kunnen, in an tsara zaman da kyau.

Ga yadda yake tafiya. Rukunin bai wuce mutum 20 ba, babu ɗaukar murya ko hoto, ba a ambatar sunan cibiya ko na mutum. Mai labari ya sami minti biyar ba tare da an katse shi ba, sannan minti biyar na tambayoyin neman bayani kawai: ƙarfe nawa ne, mutum nawa, wa ya yanke shawara, me ya sani a lokacin. An hana tambayar "me ya sa ba ka yi kaza ba", domin da zarar ta fito sauran masu labari sun kama bakinsu. Daga nan a nemo sarƙar: kusan ba a taɓa samun dalili ɗaya ba, sai dai an makara wajen tashi, malami ɗaya bai zo ba, iska ta juya, aka ji kunyar a ce a koma. Ya fi kyau babba a sana'ar ya fara ba da nasa labarin, kuma kada a sa ma'aikaci rukuni ɗaya da mai gidansa.

Sababbin shiga su ne suka fi buƙatar taron kuma su ne suka fi zama a gefe. A haɗa kowannensu da wani tsohon hannu tun ranar farko, a ware musu gajeren zama na minti 20 su jagoranci wasa ɗaya a gaban mutum shida, a gaya musu abu biyu da suka yi daidai da ɗaya da za su gyara.

Kafin a watse a naɗa mutum biyu da za su rubuta darussan zaman tsallake rijiya, ba suna ba wuri, shafi biyu kawai, su aika wa kowa cikin mako biyu. A taro na gaba kuma da waɗannan shafukan za a buɗe, a tambayi kowace cibiya wanne ta canza a tsarin aikinta.